Saƙon da Shugaba Ta Turo Mini Ni Kaɗai

Wajen ƙarfe uku na rana ne, zafi ya kai inda ya kai, ko ganye ba ya motsi, ga wani hadari can nesa da ya daɗe yana yi mana alkawari bai cika ba. Ina zaune a bakin shago da fanka a kan cinyata, na buɗe mata ciki ina goge ta da tsohon buroshi, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Na goge hannuna a wando na ciro ta. Saƙon murya ne daga Shugaba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, Shugaba matata ce. Ni na sa mata sunan tun ina nemanta, don ranar farko da na je wurinta sai da ta dubi takalmina ta ce in koma gida in goge shi tukuna. Ita kuma Injiniya take ce mini, alhali ta san iyakacina gyaran fanka da dutsen guga da tukunyar lantarki. Ɗanmu bai cika wata uku ba. Yallaɓai muke kiransa, saboda tun da ya iso kowa a gidan ya zama ma'aikacinsa.

Ban buɗe saƙon nan take ba. Bari in gaya muku dalili, ku yi haƙuri da ni, ban iya gaggawar labari ba.

Shugaba mace ce mai dariya. Idan tana kan keken ɗinkinta tana ɗinka rigunan yara, daga bakin titi za ka jiyo ta, ko tana waƙa ko tana faɗa da zare. Tun cikin ya tsufa abin ya fara raguwa. Takan zauna ta riƙe cikin ta ce, "Injiniya, idan ban iya ba fa?" Ni kuma in ce za ta iya, in ci gaba da cin abincina. Bayan ta haihu sai aka rufe keken da wani tsohon zani, aka ɗora kwandon kayan jariri a kai. Ba abin da ba ta yi wa yaron. Wanka, nono, wanki, goyo, duk tana yi a kan lokaci. Amma fuskarta kamar ta wanda yake jiran mota a tasha, ya daɗe yana jira har ya daina leƙen hanya.

Ranar da muka kai Yallaɓai awo asibiti, bayan an ɗora shi a sikeli, nas ɗin ta dube ta ta ce, "Shi dai lafiya lau. Ke kuma fa, ya kike?" Shi ke nan. Shugaba ta fara kuka ba sauti, hawaye na sauka a kan hular yaron. Nas ɗin ta kama hannunta ta raka mu ɗaki na ƙarshe a barandar, inda wata mata take zama da masu ciki da masu jego suna magana. Aikinta ke nan, ta karance shi. Matan wurin suna ce mata Antin Laraba, don ran Laraba take zuwa. Ɗakin ba allura ba gado, kujeru ne masu laushi, da tulun ruwa, da kwalin tishu a kan ƙaramin teburi.

Ita ce ta gaya mana abin yana da yawa a wurin mata bayan haihuwa, ba hauka ba ne, ba rashin godiya ba ne, kuma ana warkewa. Ta ce in har Shugaba ta taɓa jin za ta cutar da kanta ko yaron, mu zo a ranar, kada mu jira Laraba. Sannan ta juyo kaina.

"Maigida, kai aikinka ɗaya ne. Idan ta yi magana ka saurara. Kada ka gyara."

Na ce, "Anti, ai gyaran ne sana'ata."

"Shi ya sa na fara da kai."

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma hannun da ya saba ba ya jin magana. Ta ce ƙarar ƙofa na tayar da yaron, na sa mata mai. Ta ce hasken taga ya yi yawa, na ƙaro labule. Wata rana ta ce ɗakin ya yi mata ƙunci, kafin ta fito daga wanka na ja akwatunan kaya na fitar da su falo ina haki. Ta tsaya da tawul a kai tana kallona.

"Injiniya, idan na ce kaina na ciwo, sukudireba za ka ɗauko?"

To wannan ne ya sa na tsaya ina kallon wayar. Anti ta ce mata abin da ya yi wa baki nauyi ta ɗauka a waya, idan ta ji ta shirya ta tura wa wanda ta yarda da shi. Ni kuwa Shugaba ba ta turo mini murya. Rubutu take yi, gajere: a taho da sabulu, a taho da burodi. Na shiga can cikin shago bayan tarin fankokin da masu su suka manta da su, na kara wayar a kunne.

Muryarta a hankali take fita, ina jiyo numfashin Yallaɓai kusa da ita.

"Injiniya, kada ka kira ni idan ka ji. Kawai ka ji. Idan na dube shi, ba na jin abin nan da ake cewa uwa tana ji. Ina jira ya zo, bai zo ba. Wani lokaci idan yana kuka sai in ji kamar in buɗe ƙofa in yi ta tafiya, in yi ta tafiya. Ba zan tafi ba. Ba zan yi masa komai ba, na gaya wa Anti ma. Ina so ne kawai a gidan nan a samu mutum ɗaya da ya sani. Kai na zaɓa."

Na sake kunnawa. Na sake. Na dubi kayan aikina a kan benci, filaya, mita, ƙarfen narka dalma, babu wanda ya yi mini kama da amsa.

A shagon da na koyi aiki, ogana yana da doka. Idan kaya ya fi ƙarfinka kada ka yi ta taɓa shi har ka ƙona, ɗauke shi ka kai wa wanda ya fi ka. Kuma kada ka je kana kwatance da baki, wai yana yin ƙyar-ƙyar ko gur-gur. Ka kai kayan, a jona, ya ji ƙarar da kunnensa. Da wannan dokar na girma, da ita nake ci. Ba na kawo ta don in wanke kaina. Ina gaya muku ne hanyar da ƙafata ta bi kafin hankalina ya iso.

Na ja ƙofar shago na hau babur na nufi gidan Yaya.

Yaya ita ce babbarmu, ni ne auta. Ta haifi biyar, ba ciwon yaro da ba ta san kansa ba. Na same ta a falo tana goge kayan makarantar yara, ta ɗaura ɗankwali a gefe, rediyo na yi ƙasa-ƙasa.

"Auta da rana tsaka? Ko Shugabar taka ta kore ka?"

"Yaya, wani abu nake so ki ji."

Na kashe rediyon na ajiye wayar a kan teburin guga na kunna. Muryar matata ta cika falon da ba nata ba. Lokacin da ta kai wurin "Kai na zaɓa", na kawar da kai, amma na ce a raina ai taimako nake nema. Yaya ta tsayar da dutsen gugar a tsaye. Fuskarta ta canza.

"Tun yaushe?"

"Ta ɗan jima. Muna zuwa wurin wata mata a asibiti, suna magana."

"Magana." Ta maimaita kalmar kamar ta tsinci tsakuwa a abinci. "Yarinya na cewa za ta bar jariri ta shiga duniya, kai kana kai ta hira?"

"Ta ce ba za ta tafi ba."

"Kowa haka yake cewa. Turo mini, in ƙara ji a natse."

"Yaya, don Allah kada Inna ta ji."

"Ni yarinya ce?"

Na tura mata. Da wannan yatsan nawa da nake rubuta muku yanzu. Har na ji sauƙi a hanya, irin sauƙin da nake ji idan na sauke injin da ya gagare ni a shagon oga.

Da na isa gida kafin magariba, sai na tarar da abin da na daɗe ban gani ba. Shugaba ta sa doguwar rigarta shuɗiya mai ƙananan furanni a wuya, wadda ta ɗinka wa kanta kafin ciki. Ta yi mata ɗan matsi a ƙirji amma ta sa. Ta zizara kwalli. Ta share tsakar ɗaki, Yallaɓai na kwance a kan shimfiɗa yana faɗa da ƙafarsa. Ta miƙo mini ruwa ba ta dube ni ba.

"Ka ji saƙona?"

"Na ji."

"Ba ka ce komai ba."

"Anti ta ce in saurara."

Sai ta yi dariya. 'Yar ƙarama ce, ta hanci, amma dariya ce. Ta zauna kusa da ni a bakin gado ta jingina kanta a kafaɗata, ina jin ƙamshin man gashinta.

"Na ɗauka za ka shigo da likita da makanike da mai walda," in ji ta. "Ashe kana jin magana."

Na ajiye ruwan. Jama'a, a nan ya kamata in faɗa. Bakina ya buɗe, na ga kwallin idonta, na rufe. Na ce a raina bari ta samu wannan yammacin, gobe na faɗa. Goben ta zo na ce jibi. A kwanakin nan har ta ɗage zanin da ke kan keken ɗinki ta duba ko ya yi tsatsa. Ni kuwa duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in fita waje in duba ko Yaya ce.

Ran Asabar da hantsi ina tsugune ina wanke babur a ƙofar gida, sai ga Inna mahaifiyarmu da Yaya sun sauko daga motar haya. Inna da farin mayafinta na zuwa unguwa, Yaya kuma riƙe da wata babbar jaka mai zif. Yadda jakar ke lilo a hannunta na gane ba komai a ciki.

Shugaba ta tarbe su da murna, ta shimfiɗa darduma, ta durƙusa ta gaishe su, ta kawo shayi. Inna ta karɓi jikanta tana yi masa wasa.

"Kai mijin nawa, ka ƙi zuwa gaishe ni ko? To ni na zo biko."

Aka yi dariya. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da soso a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafata.

Inna ta gyara zama. Ku fahimce ni, Inna ba muguwa ba ce. Ita ta yi jinyar Shugaba a asibiti, ita ta fara yi wa yaron wanka. Tsoro ne ya kawo ta, kuma ni na aika mata da shi.

"'Yar nan, na ga kin rame. Mun yi shawara da yayarku, za mu tafi da yaron nan wurina ya kwana biyu. Ke ki samu ki huta, ki yi barci."

Shugaba ta yi murmushi. "Ai Inna nono yake sha."

"Akwai madara. Yayarku ta sayo."

"Ba ya damuna, Inna. Ga babansa yana taimakawa."

"Wannan?" Yaya ta nuna ni da haɓa. "Wannan da ko ɗaura wa yaro ƙyalle bai iya ba sai ya sa filaya?"

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ta buɗe zif ɗin jakar ta fara duba inda kayan yaron suke. Shugaba ta miƙe a hankali ta tsaya tsakaninta da kwandon.

"Yaya, me ya faru ne?"

Inna ce ta amsa. "Ke 'yar nan, ni uwa ce. In ji mace na cewa ta dubi ɗanta ba ta jin komai, tana so ta buɗe ƙofa ta yi ta tafiya, sannan in naɗe hannu in zauna a gida?"

Na sha jin ƙarar abubuwa da yawa idan sun ƙone. Wannan ba shi da ƙara. Shugaba ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dube ni, kallo ɗaya, ba fushi ma a ciki, kamar tana son ta tabbatar ni ne mutumin da ta sani. Sannan ta sunkuya ta ɗauki wata 'yar rigar Yallaɓai daga kwandon ta fara ninkewa. Ta ninke ta warware, ta sake ninkewa.

Ban taɓa yi wa Inna musu ba tun da na yi wayo. Na ajiye soson na shigo na durƙusa a gabanta.

"Inna, ki yi haƙuri. Yaron nan ba inda za shi."

"Auta, da ni kake?"

"Da ke nake, Inna, ki gafarce ni. Saƙon nan ni ta turo wa, ni kaɗai. Ni na ɗauka na kai inda ba a aike ni ba. Ba ta yi laifin komai ba. Tana zuwa asibiti, akwai mai duba ta, kuma an ce raba ta da shi ba shi ne magani ba. Ki dube shi, Inna. Ya yi kama da yaron da ba a kula da shi?"

Inna ta dubi Yallaɓai. Shi kuwa ya kama bakin mayafinta yana ƙoƙarin kai wa baki, kumatu kamar an hura.

"Ni bakwai na haifa," in ji ta. "Ba wanda ya zaunar da ni a kujera ya ce in faɗi abin da ke raina."

"Na sani, Inna."

"Ba ka san komai ba." Ta zare mayafinta daga hannun yaron. "In wani abu ya faru fa?"

"Ina nan. In kina so ki taimaka, ki riƙa zuwa kina riƙe shi a nan, ta yi barci a ɗaki. Amma a nan."

Sai Shugaba ta yi magana, ba ta ɗago ba. "Yaya, wa ya ji kuma?"

Yaya ta dubi silin. "Ba kowa. Abban yara ne kawai, don yana wurin. Sai Goggo, ita ma don ta san magunguna ne."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta zo ta durƙusa ta miƙa hannu biyu, Inna ta ɗan yi jim sannan ta ba ta yaron. Ta shige ɗaki ta turo ƙofar. Ƙofar da na sa wa mai, ko ƙara ba ta yi ba.

Na raka su bakin titi. Da mota ta tsaya Inna ta juyo kaina. "Ka ce mata zan zo ran Litinin. In tana so." Yaya kuma ta shiga da jakarta yadda ta zo da ita, tana cewa daga taimako sai a mai da mutum mugu.

Da na dawo na tarar da Shugaba ta cire shuɗiyar rigar, ta koma cikin tsohuwar rigar barcin da wuyanta ya saki. Tana shayar da yaron tana kallon bango.

"Shugaba."

"Ka san sau nawa na ɗauki saƙon nan ina gogewa kafin in tura maka?"

Na sunkuyar da kai.

"Ban ce ka yi komai ba. Cewa na yi ka ji. Ko kurma aka ba wannan aikin zai fi ka, shi aƙalla ba zai kai gaba ba." Ta gyara wa yaron kai. "Laraba ba zan je ba. In je in faɗi me? In buɗe cikina a can, in dawo in tarar ana sauraro a gidan Yaya?"

"Anti ba ta faɗa wa kowa."

"Kai ma haka na ɗauka."

Daga ranar saƙonni suka fara shigo mata. Matar kawu: Sannu da jiki, Allah ya ba da lafiya. Wata 'yar Goggo da ko bikinmu ba ta zo ba: Anti an ce ba ki da lafiya, akwai wani mai magani a unguwarmu. Har da wadda ta turo hoton kwalba. Shugaba ta karanta biyu ta kashe wayar ta jefa cikin kwandon wanki. Inna ta zo ran Litinin kamar yadda ta ce, ta riƙe yaron a falo, Shugaba ta gaishe ta da ladabi ta koma ɗaki. Ban san ko ta yi barcin ba.

Ni kuma kullum in na taso daga shago sai in zauna a ƙasa kusa da gado in haɗa hannuwana a cinya. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba, sai "abincinka na can" da "miƙo tawul". Na ba da haƙuri ranar farko, na ba da rana ta biyu, a ta uku ta ce, "Ka daina, kana sa ni aikin cewa ba komai." Sai na daina. Abin da ya fi damuna ba shirun ba ne. Ina ganin fuskar tashar nan tana dawowa, kuma wuri ɗaya da na san ana rage mata nauyi, ni na toshe hanyarsa.

Ran Laraba da safe na yi wanka na sa riga mai tsabta na ɗauki makullin babur. Tana zaune a bakin gado, ba ta shirya ba.

"Ina za ka da rigar fita?"

"Asibiti. Zan je in gaya wa Anti abin da na yi, don kada ta ɗauka ke ce kika fasa. Wataƙila ta san yadda za a..."

Ta ɗago. Rabon da ta dube ni ido cikin ido tun Asabar.

"Wato yanzu kuma ita za ka kai wa?"

Na tsaya da makulli a hannu. Wallahi sai a lokacin na gani. Ga ni na sake ɗaukar matata zan kai shagon wani a jona ta.

Na ajiye makullin a kan teburi. Na cire takalmi na zauna a ƙasa inda na saba.

"Ba zan je ba."

Muka zauna. Mai sayar da ruwa ya wuce yana buga jarkarsa, maƙwabciya ta kira 'yarta ta sake kira, rana ta hau labule. Yallaɓai ya farka ya yi miƙa ya koma. Ƙafata ta mutu ban motsa ta ba. Akwai maganganu cike da bakina, masu kyau ma, na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

Can sai ta miƙe. Ta buɗe akwati ta ciro wata riga ruwan toka, ta sa, ta yafa mayafi. Ba kwalli.

"Ɗauko shi," ta ce. "Idan za a faɗa, ni zan faɗa. Labarina ne."

Na kai hannu ga makulli.

"Bar shi. Motar haya za mu hau. Ba na son in riƙe ka."

A mota ta zauna jikin taga, ni a gefe da yaron, jakarsa a tsakaninmu. A asibiti ta wuce gaba har ɗaki na ƙarshe, ta ƙwanƙwasa ta shiga. Na zauna a bencin baranda cikin mata masu ciki, ni kaɗai namiji, wata tsohuwa tana ta gyara mini yadda na riƙe kan yaron. Na ɗora shi a kafaɗa ina bubbuga bayansa ina kallon ƙofar nan. Ban san me ake faɗa a ciki ba. Karo na farko ke nan da na gane ba lallai ne in sani ba.

An daɗe. Har matan da na tarar suka ragu. Sannan ƙofar ta buɗe, Anti ta leƙo da tabarau a goshi.

"Maigida, shigo. Akwai abin da take so ta gaya maka a gabana. Ban ce mai daɗi ba ne."

Na miƙe. Shugaba ta fito don ta karɓi yaron, idanunta sun yi ja, ba ta dubi fuskata ba. Ta ɗauke shi daga kafaɗata, sai ta tsaya. Ashe Yallaɓai ya yi mini tumbuɗi tun ɗazu, ya gangaro ta bayan rigar fitar tawa ban sani ba. Ta saɓa shi a hannu ɗaya, ta zaro ƙyalle daga jaka, ta juya ni da yatsa biyu kamar yadda take juya yara in tana gwada musu riga. Ta goge kafaɗar, ta bi bayan har ƙasa, ta ninke ƙyallen ta mayar.

Ta wuce ciki ta bar ƙofar a buɗe, na bi bayanta.